Sa Hannun Malam

Yayana ya mutu ran Laraba, ran Litinin ya koma aiki.

Kada ku ce na zautu. Da idona na ga an fita da shi, da kunnena na ji kukan Inna. Amma ku je ku buɗe littafin sa hannu na makarantar firamaren ƙauyenmu, za ku ga Litinin ɗin da ta biyo baya, ƙarfe bakwai da rabi na safe, Malam ya sa hannu. Haka ya ci gaba da sawa har shekara biyu da wata huɗu. Bai taɓa makara ba, ko ciwon kai bai taɓa yi ba.

Ni ce autar gidanmu, ɗinki nake yi. Mu uku Inna ta haifa: Yaya Babba mai shagon kayan babur, sai Yaya Malam, sai ni. Makarantar da Yaya Malam ke koyarwa ɗaki biyu ce da ɗan sito a baya, malamai kuma biyu: shi yana riƙe da aji ɗaya zuwa uku a ɗaki guda, Hedimasta yana riƙe da sauran. Ya mutu ya bar mata da 'ya ɗaya 'yar shekara huɗu. Matar nan, tun da aka kawo ta gidanmu ba wanda ke kiran sunanta. Matar Malam muke cewa. Ni kuwa in ina son tsokanarta sai in ce «matarmu», ta jefo ni da takalmi tana dariya.

Ran Lahadi, masu gaisuwa ba su gama watsewa ba, Hedimasta ya shigo ɗakin Inna da wani dogon littafi mai baƙin bango a hammata. Yaya Babba ya ce in kira Matar Malam. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, idonta a kumbure.

Hedimasta ya yi gyaran murya ya ce, «Kin san makarantar tsallaken rafi? Malaminsu ya rasu, aka kai rahoto ofishin ilimi bisa gaskiya. Aka ce za a turo wani. Shekara uku ba a turo ko kare ba. Daga baya aka ce makaranta mai malami ɗaya ba makaranta ba ce, aka sa mata kwaɗo. In na kai rahoton Malam gobe, wallahi kujerarsa ta tafi ke nan, kuma tamu makarantar za ta bi.»

Yaya Babba ya karɓe. «Ke ba kin yi kwalejin malanta ba? Takardarki na cikin akwati ɓera na ci. Ki riƙe masa ajin. Albashin ya ci gaba da shigowa, mu rufa wa juna asiri. Wata uku kacal, kafin mu san yadda za a yi a mayar da kujerar sunanki.»

Ta ɗaga kai a hankali. «Yaya, to da sunan wa zan riƙa sa hannu?»

«Da sunan mai kujera mana.»

«Ya mutu fa, Yaya.»

«Mun sani. Mu muka binne shi.»

Ta dubi Inna. Inna ta kau da kai ta ce, «Maganin ƙafata da albashin nan ake saya. Ki taimake ni, 'yar nan.»

Ni aka aika in nemo wata takarda mai sa hannunsa. Na nemo da gudu, har ina jin daɗin na yi amfani. Sa hannun Yaya Malam ba irin wanda ake mantawa ba ne. Yana farawa da wata babbar lanƙwasa kamar hannun kofi, ya yi gudu, sannan wutsiyar ta dawo ta ƙasa ta ja layi, ya ɗiga ɗigo biyu. Matar Malam ta zauna a ɗakinta ta cika littafin rubutu guda tana kwaikwayo. Da na leƙa, hawaye ya jiƙa rabin shafin, amma na ƙarshen sak nasa ne.

Da farko gida ake kawo mata littafin. Da ta fita daga zaman makoki, ta ɗauki jakar mijinta ta fatar da ta sha jiki, ta kama hannun 'yarta, ta fara tafiya makarantar. Tafiyar minti arba'in ce a ƙafa. Duk garin sun san abin da ake ciki, ai su suka yi masa salla. Ba wanda ya ce uffan, don kowa yana da yaro a ajin.

Ran da ta fara shiga, yara suka miƙe suka ce, «Barka da zuwa, Malama!» Hedimasta ya faɗo ɗakin da tsumagiya.

«Wa ya ce Malama? Babu Malama a makarantar nan. Malam za ku ce. Ku sake!»

Suka sake. Ya sa suka maimaita sau goma, har da 'yarta da ke zaune a layin gaba. Ya kuma koya musu: duk baƙon da ya tambaya ina Malam, a ce ya je asibiti, gobe zai dawo. Harafi ɗaya ya cire mata, wai don kada bakin yaro ya suɓuce gaban baƙo.

Katin cire albashin yana aljihun Yaya Babba. Ƙarshen wata zai aiko mata da sabulu da ɗan kuɗin da bai kai na takalmi ba. A wata na biyar ya saya mini keken ɗinki sabo fil. Ban tambayi inda kuɗin ya fito ba. Na sani sarai. Na shafa keken, na yi godiya har da durƙusawa, kuma a kansa nake cin abinci har yau.

Matar Malam kuwa aiki take yi ba na wasa ba. Yara arba'in da ɗaya a ɗaki guda: 'yan aji ɗaya suna kallon gabas, 'yan aji biyu suna kallon yamma, 'yan aji uku suna kallon allon gaske. Sauran bangon biyu ita ta shafa musu baƙin fenti da hannunta. In alli ya ƙare, ta saya da kuɗin sabulunta. In ruwa ya sauko, ta tara su duka a kusurwar da kwano bai tsage ba, ta ci gaba da karatu da baki. Takan dawo da la'asar muryarta a dishe, hannunta fari fat, kuma girkin gidan yana jiranta, don Inna ta ce ai ba aikin gwamnati take yi ba balle ta ce ta gaji.

Wata uku suka zama shida, shida suka zama shekara. Duk ran da ta yi maganar mayar da kujera, Yaya Babba yana da amsa a baki. Wani lokaci wai mutumin da ya sani a ofis ya yi tafiya. Wani lokaci wai an hana ɗaukar ma'aikata. Wata rana da ta matsa, ya daka mata tsawa: «Wai me kika rasa ne? Ci ko sha? Marainiyar nan wa ke riƙe da ita? Sunanki a takarda shi za ki dafa?»

Zazzaɓi ya kama ta a damina ta biyu, har tana karkarwa. Hedimasta ya aiko cewa ta daure ta zo, don in Malam ya yi fashi sai an rubuta dalili, dalili kuwa sai da takardar likita mai sunansa. Ta tafi tana dafa bango. Mamaci ba ya samun hutun ciwo, haka ta ce mini tana murmushi, ni kuma na yi dariya. Allah ya yafe mini wannan dariyar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yarinyar. Ta ji ana cewa Malam ya je asibiti gobe zai dawo, sai ta yarda. Kullum da yamma takan ɗauki takalmin babanta ta jera a bakin ƙofa. Uwar ta gaya mata gaskiya ya fi sau goma. Yarinyar ta ce, «To wa yake rubutu a littafin? Na ga hannunsa yau.»

Sai ga ranar da Sufeto ya zo, mai duba makarantu daga ofishin ilimi. Tun daga nesa aka ji ƙarar babur. Hedimasta ya fizgi hannunta ya tura ta sito ya ja ƙofa. Ta zauna a kan karyayyun benci tana jin komai ta bango. Sufeto ya tambayi ina Malam, yara suka haɗa baki: «Ya je asibiti, gobe zai dawo!» Ya fara gwada su. 'Yan aji biyu suka karanta shafi guda ba gargada. 'Yan aji uku suka yi raba lamba a allo. Sufeto ya jinjina kai. Ya ce ya zaga makarantu sun fi talatin bai ga irin wannan ba. Ya buɗe baƙin littafin, ya daɗe yana bin shafukan da yatsa, ya ce, «Dubi mutum, kullum bakwai da rabi. Ko hannunsa ma na mai tsari ne.»

Bayan wata biyu takarda ta iso: an yaba wa Malam, an ƙara masa girma mataki ɗaya. Yaya Babba ya karanta mana ita a tsakar gida yana ƙyalƙyala dariya. Inna ta yi kuka ta ce ɗanta ko a kabari mai albarka ne. Ba wanda ya dubi inda Matar Malam take tsaye da tsintsiya a hannu. Ni na dube ta, sai na sunkuyar da kai kan ɗinkina.

Daga nan na fara lura da wasu abubuwa. In na ce «matarmu», ba ta waiwayowa. In yaron maƙwabta ya ce «Malam», sai ta amsa tun daga ɗaki. Ta koma sa tsohon agogonsa da ya yi mata yawa. Tafiyarta ma ta canza, ta koma irin tasa, kafaɗa ɗaya a karkace saboda nauyin jaka. Wata safiya na hango ta daga baya tana fita, na ɗauka shi ne.

Ana haka aka yi sanarwa a rediyo cewa za a ɗauki malamai don ƙananan makarantun karkara. Ta same ni a kan keke, ta rufe ƙofa.

«Auta, zan je. In na samu da sunana, ko ina aka tura ni zan tafi da 'yata. Sai su san yadda za su yi da mamacinsu. Ki raka ni, kada Yaya ya ji.»

Rabon da in ga idonta da haske haka tun yayana yana da rai. Na ɗinka mata sabon mayafi, na ce wa Inna za mu je sayen zare.

Mutane sun fi ɗari biyu a harabar ofishin. Aka yi jarrabawa a rubuce, sannan aka ba kowa alli ya koyar minti biyar a gaban mutum uku. Ina leƙe ta taga. Na tsakiyar shi ne Sufeton nan, amma shi bai taɓa ganin fuskarta ba. Da ta fara, wanda ke danna waya ya ajiye wayar. Da ta gama, Sufeto ya ce, «A ina kika taɓa koyarwa?»

Ta ce, «Ban taɓa ba.»

«Ikon Allah.»

Da azahar aka kafe sunaye, nata ne na farko. Na rungume ta ina tsalle kamar ƙaramar yarinya. Aka ce waɗanda suka ci su shiga su karɓi takarda. Na bi ta har bakin tebur.

Sufeto ya miƙo biro ya ce, «Malama, bismilla.»

Ba ta motsa ba. Ta waiwaya bayanta tana neman da wa ake.

«Malama, ke nake nufi. Sa hannu nan.»

Na zungure ta. Ta yi firgigit, ta karɓi biron tana murmushi, ta sunkuya. Takardar tana da layuka kamar na baƙin littafin. Ina kallo hannunta ya yi babbar lanƙwasa kamar hannun kofi, ya yi gudu, wutsiyar ta dawo ta ƙasa ta ja layi. Ɗigo biyu. A gefe kuma ta rubuta bakwai da rabi, alhali azahar ta gota.

Ita ba ta ma san abin da ta yi ba. Ta miƙa biron tana ta murmushi.

Sufeto ya jawo takardar. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, «Na san hannun nan.» Ya dube ta. «Mene ne tsakaninki da shi?»

Sai a lokacin ta kalli takardar. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu a tsaye ba sai ranar.

«Mijina ne.»

«Yana ina?»

Bakinta ya buɗe. Wallahi na ga leɓenta ya fara haɗa «asibiti». Sai ta haɗiye ta ce, «Ya rasu. Shekara biyu da wata huɗu.»

Bayan kwana huɗu kwamiti ya zo gidanmu, mutum uku da Sufeto. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Yaya Babba ya sa farar riga, ya tafa hannu yana salati.

«Mu ma yanzu muke ji! Mu mun ɗauka ta kai rahoto tuntuni. Ai takardun mijinta duk a hannunta suke. A duba ɗakinta mana.»

Aka duba. Katin albashin yana cikin jakar fatar, a aljihun ciki. Har da littafin rubutun da ta cika da kwaikwayon sa hannu. Na san lokacin da katin ya shiga jakar, don ina kan keke na ga Yaya Babba ya fito daga ɗakinta da safen nan tana bayan gida.

Hedimasta ya ce shi tausayin marainiya ya ji, kuma makaranta yake ceto. Inna ta ce ita tsohuwa ce, ba ta san karatu ba. Matar Malam ta faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe. Sufeto ya saurare ta, na ga alamar yana son ya yarda. Sai ya juyo gare ni.

«Ke ƙanwarsa, ke kika rako ta. Wa ke karɓar albashin nan?»

Matar Malam ta dube ni. Ba roƙo a idonta, ta dai tabbata zan faɗa. Yaya Babba shi ma ya dube ni, sannan ya dubi keken da ke bakin ƙofata. Inna ta kama ƙafarta mai ciwo tana nishi.

Na ce, «Ni ban sani ba. Ni ɗinki nake yi.»

Ba a kai ta kurkuku ba, dattawa sun je sun yi roƙo. An dai soke sunanta daga waɗanda aka ɗauka, aka shigar da shi cikin jerin waɗanda ba za a taɓa ba aikin koyarwa ba. Shi ne karo na farko da sunanta ya zauna a littafin ofishin ilimi. Hedimasta ya yi ritaya da haƙƙinsa cif. Kujerar Malam aka soke ta, ba a turo kowa ba. Kafin ƙarshen zangon aka sa wa makarantar kwaɗo, aka ce yara su koma ta babban gari, tafiyar awa biyu. Cikin arba'in da ɗayan nata, bakwai ne ke zuwa.

Yaya Babba yana nan a shagonsa, ya ƙara ƙiba. In an yi zancen sai ya girgiza kai ya ce, «Mace da biro, sai a hankali.» Masu sauraro su gyaɗa kai, su da suka ɗauki gawar, su da 'ya'yansu suka iya karatu a hannunta. Ba su gaishe ta yanzu. Wai ita ta jawo aka rufe musu makaranta.

Tana nan a gidanmu, don ba ta da inda za ta. Tana shara, tana girki, ba ta faɗa da kowa. Ni ma ba ta taɓa ce mini don me ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Kullum ƙarfe bakwai da rabi takan dubi agogon nan, ta ajiye duk abin da ke hannunta, ta zauna a bakin ƙofa, yatsanta yana zane a ƙasa. Yaran da ba su zuwa ko'ina yanzu sukan wuce da awaki, su leƙo su ce, «Barka da safiya, Malam.» Ta ce, «Ku zauna.» Su yi dariya su ruga.

Ni kuma ba na iya taka keken nan ban tuna ranar kwamitin ba. Haushin kaina nake ji, haushi mai tsanani. Muna cewa don yara muka yi, don Inna muka yi, don makaranta muka yi. Ƙarya muke. Mun sami mace mai rai muka sa ta a kabarin, muka fito da mamaci yana yi mana aiki, kuma kowa a gidan nan ya ci.

Jiya na sayo sabon littafin rubutu da biro. Na same ta a bakin ƙofa, na zauna kusa da ita, na kira ta da sunanta na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun da ta zo gidanmu. Ba ta waiwayo ba. Na dafa ta.

«Na rubuta duk abin da na sani, zan kai wa Sufeto. Katin, da keken, da komai. Amma na tambaye shi, ya ce sai mai ƙara ta sa hannu. Ki gwada a nan tukuna. Sunanki za ki rubuta, naki na kanki.»

Ta karɓi biron. Ta daɗe tana kallon farar takardar. Hannunta ya fara lanƙwasawa, ta riƙe shi da ɗaya hannun ta tsayar. Ta sake gwadawa, ya sake tafiya can. 'Yarta ta zo ta tsaya a kanmu tana leƙe, takalmin babanta a hannu.

Can ta ɗago ta dube ni, a hankali kamar mai tambayar hanya.

«Auta, da wane harafi yake farawa?»